Eddie Graham: Mutumin da ke yanke hukuncin kokawa tun kafin a buga ƙararrawa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a Kano, Maraɗi ko Tahoua ana nuna kokawar Turawa, ya san gardamar da ba ta ƙarewa. Wasu su ce faɗan gaske ne, wasu su ce shiri ne. Masu cewa shiri ne su ke da gaskiya, domin tun a 1989 kamfanin WWF, wanda yanzu ake kira WWE, ya amsa a gaban 'yan majalisar jihar New Jersey cewa ana sanin wanda zai yi nasara kafin a hau dandali. Abin da masu gardamar ba su cika tambaya ba shi ne, wa ke yin shirin, kuma ta yaya ake sa mutum ya ciro kuɗinsa ya kalli faɗan da aka riga aka yanke ƙarshensa.

Idan tsofaffin 'yan wannan sana'a na maganar iya shiri, sunan da ya fi fitowa daga bakinsu shi ne Eddie Graham, wanda ya riƙe harkar kokawa a jihar Florida ta Amurka daga shekarun 1960 har zuwa mutuwarsa a 1985. Bai taɓa ɗaukar kambun duniya na ajin masu nauyi ba, kuma yawancin masu kallo na yau ba su san fuskarsa ba. Amma a hannunsa Dusty Rhodes, mahaifin Cody Rhodes, ya zama tauraro, kuma da yawa daga dabarun da ake gani a talabijin yanzu daga ofishinsa na birnin Tampa suka bazu.

Yaro mai tallan jarida

An haife shi ranar 15 ga Janairun 1930 a jihar Tennessee, sunansa na asali Edward Gossett. Idonsa ɗaya ba ya gani tun haihuwa. Gidansu na talakawa ne, kuma ba gida ne mai kwanciyar hankali ba, saboda haka tun yana ƙarami yake tallan jarida da ƙwai a birnin Chattanooga. Kamfanin jaridar kan buɗe wa yaran da ke yi masa talla ƙofar ɗakin motsa jiki na ƙungiyar YMCA, a nan ya fara gina jikinsa.

A 1947, yana ɗan shekara 17, ya fara kokawa a Texas bayan ya samu horo wurin wani tsohon ɗan kokawa, Cowboy Luttrall. Shi Luttrall mutum ne da ya san yadda ake mayar da rigima kuɗi. A 1940 ya tsokani tsohon zakaran damben duniya Jack Dempsey har aka haɗa su dambe a Atlanta, Dempsey ya yi masa dukan kawo wuƙa a turmi na biyu. Ya sha kashi, amma sunansa ya shiga jaridu.

Gossett ya yi shekaru yana yawo da sunan Rip Rogers. A 1958 Pepper Gomez ya kayar da shi a wani wasa a Texas mai sharaɗin duk wanda ya faɗi zai bar gari. Ga 'yan kallo, an kori mugu ke nan. Ga masu harkar kuwa, hanya ce ta sallamar ɗan wasan da fuskarsa ta tsufa a wuri, ko wanda ya riga ya samu aiki a wani yanki, tare da cin kuɗin ƙofa na ƙarshe a kansa.

Aikin da ke jiransa a New York yake. Kamfanin Capitol Wrestling na Vincent McMahon babba, mahaifin Vince McMahon da aka sani yanzu, ya haɗa shi da wani mai suna Dr. Jerry Graham a matsayin ƙanensa, alhali ko dangin nesa ba su haɗa ba. Daga nan ya zama Eddie Graham. Su biyun, da gashinsu da aka rina fari da taƙamarsu, suka zama miyagun da New York ta fi tsana. Sau huɗu suna ɗaukar kambun Amurka na kokawar bibbiyu, suna cika zauren Madison Square Garden idan an haɗa su da Antonino Rocca da Miguel Perez, waɗanda baƙin haure 'yan Italiya da 'yan Puerto Rico ke mutuwar so. A nan ya ga da idonsa cewa aikin mugu shi ne ya sa mutane su biya kuɗi don su ga an dake shi.

Jerry mashayi ne mai yawan jawo fitina. A 1960, kasuwarsu na ci, Eddie ya tattara ya koma Florida wurin malaminsa Luttrall, wanda ke da kamfanin kokawa a Tampa tun 1949. Shekara guda bayan haka ya sayi hannun jari a kamfanin, a 1971 kuma ragamar ta dawo hannunsa gaba ɗaya.

Ƙasa a rabe kamar gonaki

A wancan zamani babu kamfani guda da ya mamaye Amurka kamar yadda WWE ta yi yau. A 1948 wasu masu shirya wasa suka haɗu a garin Waterloo na jihar Iowa suka kafa ƙungiyar NWA. Suka raba ƙasar yanki-yanki, kowa da gonarsa, ba mai shiga ta wani. Suka amince da zakaran duniya guda ɗaya da zai riƙa zagaya yankunan, kuma shugabannin ƙungiyar ne ke zaɓensa da ƙuri'a. Wanda aka zaɓa yakan ajiye dala 25,000 a matsayin jingina, don kada wata rana ya ƙi faɗuwa idan an ce ya faɗi. Tsarin ya yi kama da haɗin bakin 'yan kasuwa har gwamnatin Amurka ta kai ƙungiyar kotu a 1956, amma ya ci gaba da aiki kusan shekara talatin bayan nan.

A cikin kowane yanki, 'yan wasa a hanya suke kwana. A Florida, daren Talata na Tampa ne, a zauren sojoji na Fort Homer Hesterly. Laraba a yi Miami, Alhamis Jacksonville, sauran ranakun a raba tsakanin Orlando, West Palm Beach da ƙananan garuruwa. Wanda ya san yadda 'yan kasuwar Adar ke cin kasuwannin mako tsakanin Madawa, Buza da Keita, yau nan gobe can, mako ya zagayo a dawo kan mutanen da aka sayar wa wancan makon, ya gane rayuwar. Ya kuma gane matsalar. Wanda zai dawo kasuwa ɗaya duk mako ba ya sayar da algus sau biyu. Mutanen da suka cika zauren Tampa wannan Talata su ne ake so su dawo Talata mai zuwa, sau 52 a shekara, kuma daga kuɗin ƙofa ake biyan kowa. Idan kujeru sun zama wayam, 'yan wasa su koma gida da abin da bai kai kuɗin mai ba.

Kokowar gargajiya ba ta da wannan damuwa. A ƙauyukan Deule da sauran ƙasar Adar, idan kaka ta yi aka share fili, babu wanda ya san wa zai kai wani ƙasa. Haka yake a gasar takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tahoua a 1975 Kantu na Maraɗi ya lashe. A can kaye ne ke zuwa da farko, sannan makaɗa da maroƙa da masu hira su gina labari a kansa, a yi shekaru ana maimaitawa. A Florida sai an gina labarin tukuna, kaye ya biyo baya. Aikin da kalangu da kirari da gasar gari da gari ke yi wa ɗan kokowa kyauta, shi ne mutum ɗaya ke zama a ofis yana ƙirƙira da biro da takarda.

Mai littafi

Wannan mutum shi ne 'yan harkar ke kira mai riƙe da littafi, domin a littafinsa ake rubuta wa zai kara da wa, a wane gari, wa zai yi nasara, ta wace hanya, a minti na nawa. Shi ke yanke wa zai zama jarumi, wa zai zama bos, kamar yadda masu kallon fim ɗin Indiya ke cewa. Abin da ke faruwa a tsakiyar wasa 'yan kokawar ne ke tsara shi a take, suna raɗa wa juna, suna sauraron ihun jama'a. Ƙarshen wasa kuwa na mai littafi ne.

A nan Graham ya yi wa tsaransa nisa. Waɗanda suka yi aiki da shi sun sha bayar da labarin yadda yake tsara ƙarshen wasa daki-daki: inda alƙalin wasa zai tsaya, lokacin da zai juya baya, ta wace kusurwa yaron mugu zai miƙo ƙarfe, da abin da ɗan kallo na kujerar baya zai iya hangowa. Yakan fara daga babban wasan da yake so a yi nan da wata uku ko shida, sai ya riƙa dawowa baya mako-mako yana aza tubali. Ƙa'idarsa ita ce komai ya kasance da dalili. Idan mutum biyu za su yi gaba, a nuna abin da ya haɗa su. Idan mugu zai yi maguɗi, ya ɓoye wa alƙali, domin idan doka ba ta da daraja, karya ta ba zai ɓata wa kowa rai ba.

Sannan ba a ba jama'a abin da suke so gaba ɗaya a dare guda. Makon farko mugu ya ci da zamba. Na biyu ya ga wuta ya gudu daga dandali. Na uku a ce an kafa mutane kewaye da dandali don kada ya gudu, sai abokinsa ya shigo ya ɓata wasan. Daga nan a kai ga keji, ko sarƙa, ko sharaɗin barin gari. Kowane mataki amsa ce ga ƙorafin da 'yan kallo suka fita da shi makon jiya, shi ya sa suke jin kamar kamfanin na sauraronsu.

Misalin da aka fi tunawa shi ne gabarsa da Boris Malenko a tsakiyar shekarun 1960. Malenko Ba'amurke ne daga New Jersey, sunansa Lawrence Simon, amma a dandali shi ɗan Rasha ne mai zagin Amurka. Lokacin ana tsakiyar yaƙin cacar baka, rikicin makamai masu linzami na Kyuba na 1962 bai daɗe da wucewa ba, kuma Florida ce ke maƙwabtaka da Kyuba. Wata rana Graham ya kai masa naushi a baki, haƙoransa na roba suka zubo a dandali, Graham ya sa ƙafa ya tattake su a gaban jama'a. Abu ne ƙarami, har da ban dariya, amma ya ba mugu ƙorafi na gaskiya da kowa zai iya ganewa. Mutum ya rasa haƙoransa a bainar jama'a, dole ya nemi fansa. A kan wannan suka yi shekaru suna cika zauruka, har da wasannin sarƙa, inda ake ɗaure hannuwansu da sarƙa guda, wanda ya ja ɗan'uwansa ya taɓa kusurwa huɗu shi ya ci.

Talabijin kuwa talla ce kawai. Kowane mako ana ɗaukar shiri a wani ƙaramin ɗaki mai suna Sportatorium a Tampa, a aika faifan tashoshin jihar. A shirin ana nuna tsokana da cin amana da barazana, amma babban faɗa sai wanda ya sayi tikiti. Mai gabatarwa, Gordon Solie, ba ya ihu. Da murya a kwance yake kiran sunan kowane kamu, yana bayanin jijiyar da ake murɗewa kamar likita. Natsuwarsa ta sa abin da ba zai yiwu ba ya yi kama da labaran ƙarfe bakwai.

Rufin asiri da abin da ya ci

Duk wannan gini a kan abu ɗaya ya tsaya, wato kada jama'a su tabbatar shiri ne. Jarumi da mugu ba sa shiga mota ɗaya, ba sa cin abinci wuri ɗaya, ko da aminai ne. Wanda aka kama ya karya wannan doka yana iya rasa aikinsa.

Akwai ɓangaren da ba shi da daɗin ji. Idan wani ƙato ya zo ofis yana cewa yana son shiga kokawa, ko yana cika bakin cewa wasan ƙarya ne, sai a kai shi Sportatorium a haɗa shi da gwanayen kamu na gaske, irin su Hiro Matsuda ɗan Japan, ko Bob Roop wanda ya wakilci Amurka a gasar Olamfik ta 1968. Su murɗe shi har ya yi kuka, ya koma gari yana shaida wa mutane cewa abin ba wasa ba ne. Hulk Hogan, wanda a Tampa ya tashi, ya sha bayar da labarin cewa a ranarsa ta farko Matsuda ya karya masa ƙafa. Ko da wane suna aka kira wannan, zalunci ne, kuma da sanin mai gida ake yin sa.

Mutumin nan dai shi ne ke zuba kuɗi a gidan renon yara marasa galihu na Florida Sheriffs Boys Ranch, yana tallafa wa kokawar makarantu da jami'o'i, yana karɓar lambobin yabo daga ƙungiyoyin gari. Waɗanda suka san shi ba su yi shakkar cewa yana tausayin yaran da suka tashi irin tashinsa ba. Amma taimakon ya yi wa kasuwa rana. Kamfanin da shugabannin 'yan sanda ke ɗaukar hoto da mai shi, ba a cika yi masa kallon gidan damfara ba.

A 1968 wata tagar ƙarfe mai nauyin kusan kilo 34 ta faɗo masa a ka a ɗakin canza kaya na zauren Hesterly. Ta taɓa masa idanu, shi da dama ɗaya yake gani da shi, ta kwantar da shi wata 15. Majalisar jihar ta biya shi diyyar dala dubu 23 da 'yan kai. Ya koma dandali daga baya, amma daga lokacin ƙarfinsa ya fi karkata ga littafi.

Brisco da Dusty

Taurari biyu ya gina waɗanda ba su yi kama da juna ta ko'ina ba. Na farko Jack Brisco, ɗan Oklahoma, zakaran kokawar jami'o'in Amurka na 1965, mutum mai kunya da ƙarancin magana wanda gwanintarsa ta gaske ce. Graham ya sa shi farautar zakaran duniya Dory Funk ƙarami, wanda shi ma a Tampa ya karɓi kambun daga Gene Kiniski ranar 11 ga Fabrairun 1969. Shekara da shekaru suna karawa, sau da dama a yi awa guda cur a tashi ba kaye. Kowane canjaras na ƙara wa mutanen Florida yaƙinin cewa saura ƙiris.

A bayan fage Graham na neman ƙuri'un 'yan NWA, har ya samu. Aka tsayar da cewa Dory zai miƙa wa Brisco kambun a Houston a watan Maris na 1973. Ana saura kwanaki sai aka sanar cewa Dory ya yi haɗari da mota a gonar mahaifinsa. Iyalan Funk sun tsaya a kan cewa haɗarin gaskiya ne, ɓangaren Brisco kuwa sun daɗe suna zargin dabara ce ta kauce wa faɗuwa a hannunsa. Daga ƙarshe Harley Race ya karɓa daga Dory a watan Mayu, Brisco ya karɓa daga Race ranar 20 ga Yulin 1973. Ko a wasan da aka shirya, kambu na da siyasarsa, domin wanda ke riƙe da shi na da kaso a ƙofar kowane gari da ya je.

Na biyun shi ne Dusty Rhodes, ɗan mai gyaran famfo daga Austin ta Texas, mai tumbi da tsamin baki, wanda ba wanda zai kalle shi ya ce ɗan wasa ne. Mugu ne a lokacin. Sai dai idan ya kama makirufo, da salon maganarsa mai kama da wa'azin cocin baƙaƙen fata, jama'a sukan manta cewa an ce su tsane shi. Graham, tare da Bill Watts da ke taya shi riƙon littafi a lokacin, ya ji tafin na ƙaruwa, amma bai yi gaggawa ba. Ya bar abin ya nuna.

A watan Mayun 1974 aka haɗa Dusty da Pak Song ɗan Koriya a gefe guda, Eddie Graham da ɗansa Mike a ɗaya gefen. A cikin wasan Song ya kai duka ya samu Dusty, rigima ta ɓarke tsakaninsu, manajansu Gary Hart ya goyi bayan Song. Dusty ya juya musu. Yadda aka tsara abin, ba a canza masa hali ko kaɗan ba, mutanen da yake duka kawai aka canza. Aka laƙaba masa American Dream, wato Mafarkin Amurka, yaƙin Vietnam bai gama ƙarewa ba, ga shi yana fuskantar wani ƙato daga Asiya. Leburori farare da baƙaƙe suka ga kansu a jikinsa. Florida ba ta taɓa cin kasuwa irin ta shekarun da suka biyo baya ba.

Graham ya shugabanci NWA daga 1976 zuwa 1978. Saboda amincinsa da McMahon babba, ya iya haɗa abin da ba a saba gani ba ranar 25 ga Janairun 1978 a filin Orange Bowl na Miami: zakaran NWA Harley Race da zakaran New York, Superstar Billy Graham, wanda shi ma ɗan'uwan ƙarya ne a gidan Graham. Aka yi awa guda aka tashi kowa da kaye ɗaya, kowa ya koma da kambunsa, domin babu kamfanin da zai yarda a kayar masa da zakara.

Dusty kuwa an ba shi kambun duniya a Tampa ranar 21 ga Agustan 1979, aka karɓe bayan kwana biyar a Orlando, bayan Terry Funk ya far masa kafin wasa ya ji masa ciwo a hannu. Jama'a sun ɗanɗana, an kuma ba su sabon wanda za su tsana. Graham ya yi imani cewa jarumin da ke farauta ya fi jarumin da ya kama kawo kuɗi.

Almajirin ya koyi karatun har ya so ya wuce malamin. A ƙarshen 1982, lokacin littafin na hannun Dusty, Kevin Sullivan ya kayar da shi a wasan barin gari. Ba a jima ba sai ga wani mai rufe da fuska, Midnight Rider, mai tumbi irin na Dusty da murya irin tasa. Kowa ya san ko wane ne, daɗin abin ke nan. A watan Fabrairun 1983 a Miami ya kayar da zakaran duniya Ric Flair, zaure ya kaure da murna, sai shugaban NWA Bob Geigel ya ce ba a ba mai rufaffiyar fuska kambu sai ya bayyana kansa. Idan ya buɗe, ya tona cewa ya karya sharaɗin barin gari. Ya mayar da kambun. Irin wannan ƙarshe, a ba jarumi nasara a ƙwace da hujjar doka, har yau da sunan Dusty ake kiransa, ko da yake masana harkar na cewa a wurin Graham ya gan shi. Bambancin shi ne Graham kan daɗe bai yi amfani da shi ba. Dusty ya yawaita shi daga baya a wani kamfani har 'yan kallo suka daina murna sai sun ga an fita da kambun daga zaure.

Shingen ya faɗi

Abin da ya riƙe tsarin yankuna shi ne tashar talabijin ba ta wuce garinta. Mutumin Tampa bai san abin da ake yi a Memphis ba, saboda haka wanda aka kora nan yana iya zama sabo a can. Tauraron ɗan'adam ya rushe wannan. Tun daga ƙarshen 1976 tashar Ted Turner ta Atlanta ta fara isa ko'ina a Amurka, da kokawar Georgia a cikinta.

A 1982 Vince McMahon ƙarami ya sayi kamfanin mahaifinsa, ya fice daga NWA a shekara mai bi, ya fara sayen lokaci a tashoshin yankunan wasu yana ɗauke musu taurari da albashi mai tsoka. Ranar 23 ga Janairun 1984 ya ɗora kambunsa a kan Hulk Hogan, yaron da aka horar a ɗakin Graham. A watan Mayu McMahon babba ya mutu. A watan Yuli McMahon ƙarami ya bayyana a tashar Turner bayan ya sayi kamfanin Georgia, kuma cikin waɗanda suka sayar masa da hannun jarinsu har da Jack Brisco da ƙanensa Jerry. A wannan shekara dai Dusty ya koma kamfanin Jim Crockett a North Carolina, wasu 'yan wasan suka bi shi.

Graham ya rage da zauruka da ba sa cika. Ga giya da ya daɗe yana fama da ita ta dawo masa, ga wasu harkokin filaye da ya zuba kuɗi sun rikice. A watan Janairun 1985 ya harbe kansa a gidansa na Tampa, ya cika ranar 21 ga watan, kwana shida bayan ya cika shekara 55. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki, ranar 31 ga Maris, aka yi WrestleMania na farko a Madison Square Garden.

Kamfanin ya ja ƙafa har 1987, Crockett ya haɗiye shi. Almajiransa suka watsu da karatun. Bill Watts ya gina yankin Mid-South a kan irin ƙa'idojinsa, Kevin Sullivan ya riƙe littafin kamfanin WCW a shekarun 1990. A 2008 WWE ta sa sunansa a jerin gwarazanta a wani biki a Orlando, Dusty ne ya gabatar, Mike ya karɓa a madadin mahaifinsa. Bayan shekara huɗu Mike ma ya kashe kansa.

Dusty ya ƙare rayuwarsa a Florida yana koya wa matasan WWE yadda ake magana a gaban kyamara, har ya mutu a watan Yunin 2015. Akwai wani dare a watan Satumban 1977 da Graham ya ba da aronsa ga New York, ya doke Superstar Billy Graham a Madison Square Garden, ya ɗaga kambun sama, sannan aka karɓe saboda zakaran a wajen dandali aka ƙirga shi, kuma doka ta ce ba a cin kambu ta haka. A kan wannan dare WWE ta gina labarin ɗansa Cody na tsawon shekara biyu. Aka bar shi ya faɗi a hannun Roman Reigns a 2023, jama'a suka fita da ɓacin rai, aka sa su jira shekara guda cur kafin a ba shi kambun a Philadelphia ranar 7 ga Afrilun 2024.